Mutumin da Ya Binne Kyaftin Garwashi

Garin Holmroyd ya sha hasara, wannan ba mai musu. An rufe mahaƙar kwal, an rufe masaƙa, tashar jirgin ƙasa ma yanzu shagon wankan karnuka ce. Amma Allah bai bar mu hannu rabbana ba, ya bar mana Mista Roderick Sugden. Wanda duk bai san girman wannan baiwa ba, ya tsaya minti biyu a layin gidan burodi, Mista Sugden da kansa zai yi masa bayani.

Shi ne Shugaban Ƙungiyar Raya Tarihin Jaruman Zane ta Holmroyd da Kewaye. Shi ne sakatarenta, shi ne kuma mai riƙe da mabuɗin kabad ɗin biskit. 'Yan ƙungiyar su goma ne. Biyu daga ciki sun rasu tun bara waccan, amma Shugaba ya ƙi soke sunayensu, ya ce jarumi ba ya watsar da mutanensa a fagen fama. Kuma a faɗi gaskiya, duk zaɓen da aka yi tun daga lokacin, mamatan nan biyu ba su taɓa juya masa baya ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bin tituna yana manna takardar tara a gilashin motocin da aka ajiye ba daidai ba. Shi dai bai taɓa kiran wannan aiki da sunansa ba.

"Ni ma na yi nawa yaƙin da miyagu," yakan ce, yana gyara zaman tabarau. "Bambancina da sauran jarumai, ni ban taɓa rufe fuskata ba."

Mutanen gari, waɗanda kusan kowa ya taɓa cin karo da takardarsa, suna ganin da ya rufe ɗin da ya fi masa kwanciyar hankali. Su ne suka laƙaba masa Farfesa. Da zolaya aka fara, shi kuwa ya karɓa da hannu biyu, har ya sa aka buga masa a kati.

To, Farfesan mene ne? Na Kyaftin Garwashi mana. Yaran yanzu ba su san shi ba, amma a zamaninmu duk ranar Alhamis mujallarsa ta labarin zane ke fitowa, sisi guda. Da rana mahaƙin kwal ne kamar uban kowa. Da an tashi aiki sai ya rufe fuska, dunƙulen hannunsa su yi jawur, ya bazama neman Dogon Hannu, uban ɓarayin birni, mai tare motar albashin ma'aikata. Babu yaron da bai taɓa ɗaure zanin teburin uwarsa a wuya ya diro daga rufin ɗakin ajiye kwal ba. Mu mun daina da muka girma. Farfesa kuwa har yau doguwar baƙar kwat yake sawa ko a tsakiyar Yuli, kuma in zai sha kwana sai ya juya da ƙarfi don gefenta ya tashi.

Fitowa ta ƙarshe ita ce lamba ta ɗari biyu da goma sha biyu. A makon da aka buga ta kamfanin mujallar ya durƙushe, aka kwashe ɗaurin mujallun aka mayar injin niƙa takarda, ƙalilan ne suka kai kantuna. Yau uku kacal aka san sun rage a duniya, ɗaya kuma tana Holmroyd, a hannun wanda kuka sani. A bangonta 'yan sanda shida ne ɗauke da akwatin gawa cikin ruwan sama, hular mahaƙa a kan murfin, can a lungu Dogon Hannu yana ƙyaƙyata dariya.

A kan wannan mutuwa Farfesa ya gina rayuwarsa. Ya rubuta littafi mai shafi ɗari huɗu da goma sha biyu, inda ya tabbatar da cewa ranar da Kyaftin Garwashi ya mutu, ranar ce haƙar kwal ta mutu, ladabin yara ya mutu, Ingila kanta ta kwanta jinya. Ya buga kwafi ɗari biyar da kansa. Galibinsu suna nan jibge a garejinsa, shi ya sa motarsa ke kwana a titi, daidai inda aka hana ajiye mota.

Kada wani ya ce zai je ya karanta mujallar ya gani da idonsa. A sana'ar tara tsoffin mujallu, karatu aikin jahilai ne. Mai ilimi aika tasa yake yi ƙetare, wani kamfani ya duba ta, ya ba ta maki, ya rufe ta ruf cikin akwatin roba mai garai-garai wanda ba ya buɗuwa sai an fasa shi. Ka fasa, maki ya tashi, mujalla ta koma takarda kawai irin ta naɗe kifi. Ta Farfesa maki tara da ɗigo biyu cikin goma ta samu. Sauran biyun ma, ɗaya a Amurka ɗaya a Japan, a rufe suke. Ke nan duk faɗin duniya babu mai iya ganin abin da ke ciki, sai dai a tambayi Farfesa, wanda ya ce ya karanta tun yana ɗan shekara tara.

Sai dai Farfesa yana da wa, abin da ba ya cikin katinsa. Wilf sunansa, tsohon direban bas, mai dariya da dukan cikinsa. Da sisin Wilf aka sayi mujallar nan. A makon da ta fito yana kwance a asibitin masu zazzaɓi mai yaɗuwa, inda duk takardar da ta shiga ƙona ta ake yi, don haka uwarsu ta ce a ajiye masa sai ya fito. Da ya fito bayan mako shida, ƙanen ya ce ta ɓata. Shekara arba'in bayan haka uwar ta rasu, sai ga mujalla a ƙasan gwangwanin da take ajiye takardun haihuwa. Kafin a gama shan shayin zaman makoki Farfesa ya zura ta cikin kwat, kashegari ta kama hanyar ƙetare.

Wilf bai taɓa tayar da maganar ba sai bana, da likitan ido ya gaya masa gaskiya. Tsakiyar ganinsa ce ke mutuwa. Yanzu da babban gilashin ƙara girma yana iya bin rubutu a hankali, amma kafin Kirsimeti sai dai ya ga gefe-gefen abubuwa, haruffa kuwa sun tafi ke nan. Ga shi an shiga Oktoba. Wani da ya ji haka teku zai ce a kai shi ya gani, ko jikokinsa. Wilf ya ga teku, jikoki kuwa kullum suna kansa. Abu ɗaya ya ce ya tsaya masa a rai, shi ne shafi goma sha shida ɗin nan da bai taɓa gani ba.

Ranar Lahadi matarsa Glenys ta gasa kek, aka gayyaci Farfesa shan shayi. Ya zo ya zauna a kujerar mai gida ba tare da an ce masa ba.

"Auta, ci kek, ba lacca muka kira ka ba," in ji Wilf.

"Wilfred, na sha gaya maka ka daina kirana Auta. Shekarata saba'in ba ɗaya."

"To Auta mai saba'in ba ɗaya, alfarma nake nema. Ka buɗe mini mujallar nan in karanta. Rabin sa'a kawai, a gabanka, sai ka mayar da abinka."

Farfesa ya ajiye kofi a hankali, ya dubi silin, ya ja dogon numfashi irin na wanda ya gaji da zama cikin jahilai.

"Wilfred, ka san ma'anar tara da ɗigo biyu kuwa? Iskar da ke cikin ɗakin nan maƙiyiyar takarda ce. Numfashinka da danshi. Yatsunka, ka yi haƙuri, da maiƙon kek. Wannan mujalla ba tawa ba ce, ba taka ba ce, ta tarihi ce, ni amana kawai aka ba ni. Me Kyaftin ya koya mana in ba sadaukarwa ba? To yau ranar taka ce, ka sadaukar."

"Shi ya sadaukar da idonsa, kai kuma ka sadaukar da me, ranka ya daɗe?" in ji Glenys daga bakin murhu.

"Na ba shi littafina kyauta, har da sa hannu."

"Yana nan yana aiki. Shi ya tokare ƙafar firij."

Wilf ya yi dariya har da tari, sannan ya share ido ya ce, "Ka ji, Auta. Sau shida mutumin nan ya mutu a bangon mujalla. Ka tuna ranar da jirgin ƙasa ya bi ta kansa? Ranar da aka jefa shi tukunyar narka ƙarfe fa? Da ka buɗe sai ka tarar da shi garau yana dukan mutane. Masu zanen nan maƙaryata ne, sisinmu suke nema."

"Wannan karon dabam ne," in ji Farfesa, ya miƙe tsaye don maganar ta fi kyau a tsaye. "Na gani da idona. Shafi na goma sha shida, a bakin tsohon ramin kwal, wutar hannunsa tana dusashewa. Ya ɗaga kai ya ce, ku gaya wa yara kada su bari garwashin ya mutu. Shi ke nan. Me kake so ka gani wanda ban gaya maka ba?"

"So nake in gani, kawai."

"Tarihi ba zai yafe mini ba."

Ya yanki wani kek ɗin, ya naɗe a takarda, ya sa aljihu, ya yi musu sai an jima.

Yanzu bari in gaya muku abin da ba ya cikin shafi ɗari huɗu da goma sha biyu ɗin nan. Ranar Alhamis ɗin can, yaro ɗan shekara tara ya fito daga kanti da mujalla a hannu, ya ga akwatin gawa a bangonta. Ya zauna a bakin titi ya yi ta rusa kuka. Ya kasa buɗewa. Ya kai ta gida ya cusa ƙarƙashin katifa, daga nan uwarsa ta ɗauke ta ɓoye don ta ga abin yana neman zautar da shi. Ranar Litinin a makaranta aka tarar babu wanda ya samu sai shi. Yara suka yanyame shi, yaron da ko ƙwallo ba a zaɓarsa, kowa na tambaya me ya faru. Ya ce ya mutu. Suka ce ta yaya? Sai ga rami, sai ga wuta tana dusashewa, sai ga kalaman ƙarshe. Ranar ce aka fara sauraronsa a duniya, daɗin kuwa bai taɓa barin bakinsa ba.

Da mujallar ta sake bayyana bayan rasuwar uwar, ya riga ya yi lacca a kanta ta fi a ƙirga. Ya zauna da ita a kan cinya, babban yatsansa a gefen bango, sannan ya tashi ya nemo ambulan ɗin da zai aika ta ƙetare a ciki. Ni dai yaron nan na bakin titi yana ba ni tausayi har yau. Dattijon da ya zama ne ba ya ba ni.

Mako biyu bayan shayin Glenys aka cika shekara sittin da fitowar ƙarshe, Farfesa ya shirya baje koli a ɗakin sama na laburaren gari. Wasiƙa goma sha ɗaya ya rubuta wa gidan talabijin na yanki, har suka gaji suka ce za su zo. Tun daga ranar bai sake taka ƙasa ba. Ya yi aski, ya kai kwat wanki, ya gaya wa mai gidan burodi cewa daga mako mai zuwa wataƙila ya riƙa aiko a sayo masa, saboda cunkoson jama'a.

Ranar Asabar da rana mutum arba'in suka hallara, rabi don Kyaftin, rabi don shayi da ɗumin ɗaki, da yake ana yayyafi. Wilf da Glenys suna layin baya, gilashin ƙara girman yana leƙowa daga aljihun Wilf, don har lokacin bai fid da rai ba. Mujalla tana kan tebur cikin akwatinta, an shimfiɗa mata jan ƙyalle. 'Yar jaridar da aka turo, wata matashiya mai suna Shona Bairstow, ta maƙala wa Farfesa ƙaramin makirufo a wuyan kwat, mai kyamara ya saita, aka ce bismillah.

Minti ashirin da biyar ya yi yana magana. Ya fara daga jaruman Girka, ya bi ta kan yaƙin duniya, ya ɗan tsaya a kan shekarunsa na fama da masu ajiye mota a bakin asibiti.

"Jarumi," in ji shi, yana dafe da ƙirji, "shi ne wanda in ya ga mai rauni cikin buƙata ba ya tsayawa lissafin abin da zai rasa. Wannan darasi na ɗauka daga Kyaftin, a kansa kuma na rayu."

Daga layin baya aka ji Glenys ta ja tsaki, har wata tsohuwa ta waiwayo.

Da ya gama, mai kyamara ya matso kan mujalla. Ya karkata dama, ya karkata hagu, ya sa aka kashe fitila, ya sa aka kunna. Roba sai walƙiya take, ba abin da ke fitowa sai hoton taga da ƙeyar Farfesa.

"Farfesa," in ji Shona. Jin sunan a bakin 'yar talabijin ya sa ya washe baki don daɗi. "Robar nan ta hana mu aiki. Kuma masu kallo shafin mutuwar suke so su gani, shi ne labarin. Ko za ka buɗe mana ka karanta da bakinka?"

"Buɗewa? Baiwar Allah, tara da ɗigo biyu ce fa!"

"Ayya, to babu komai." Ta duba agogo. "Akwai gasar manyan kabewa a garin gaba ƙarfe uku, in mun tashi yanzu za mu samu. Cire masa makirufon."

Kabewa! Shekara sittin na hidimar tarihi, a ce kabewa ta sha gabansa? Farfesa ya ga hannun mai kyamara yana nufo wuyan kwat ɗinsa, ya ga kansa ranar Litinin a layin burodi ba wanda ya gan shi a talabijin. Zuciyarsa ta ɗan raya masa abin da shi kaɗai ya sani, ya tattake ta. 'Yan sanda shida ba sa ɗaukar akwati a banza. Ga shi kuma ya maimaita shafin nan har in ya rufe ido ganinsa yake, da ramin da komai. Ai dole haka yake.

"Dakata," ya ce, ya ɗaga hannu. "Akwai lokacin da tarihi ke buƙatar a yi masa sadaukarwa. Saboda al'umma, zan buɗe."

Abin da idon wansa bai samu ba, kyamara ta samu cikin minti ɗaya. Aka shiga neman abin fasawa. Kafin ma'aikaciyar laburare ta gano inda sukudireba yake, Glenys ta taso daga baya riƙe da wuƙar yanka kek.

"Kawo, ranka ya daɗe, kada ka ji wa kanka ciwo."

Ta zura wuƙar a gefe ta murɗa. Ƙas! Wani ɗan ƙungiya ya yi nishi ya dafe bango. Warin tsohuwar takarda ya tashi, tsofaffin layin gaba duk suka shaƙa.

Farfesa ya ɗauki mujallar da bakin yatsu, ya juyo ga kyamara, ya sauke murya ƙasa irin ta fasto a bakin kabari. Shafi na ɗaya, ana tafe da akwati cikin ruwan sama, mata na kuka. Ya karanta, muryarsa na rawa, ya dubi jama'a alamar kun gani ko. Shafi na biyu da na uku, ɓarayin birni kaf sun sa baƙaƙen kaya sun cika maƙabarta, Dogon Hannu a gaba, sun zo su tabbatar da idonsu. Farfesa ya gyaɗa kai, ya ce a lura da yadda mai zane ya nuna nasarar mugunta a kan nagarta. Ya juya shafi. Bakinsa ya riga hankalinsa, ya ci gaba da karantawa da muryar jana'izar nan:

"Na gode da kuka zo jana'izata, jama'a, kun hutar da ni yawon neman ku ɗaya bayan ɗaya."

Sai a lokacin ya ga hoton. Shafi guda cur. Murfin akwati ya yi sama, Kyaftin Garwashi ya diro lafiyarsa ƙalau, hannuwa jawur, haƙoran Dogon Hannu biyu suna tafiya a iska.

Sannan wani tsoho mai sandar ƙarfe ya buga ta a ƙasa ya ce, "Ɗan banza, ya sake yi mana!" Sai wuri ya kece. Tsofaffin da suka yi shekara sittin suna ɗauke da makokin nan suka shiga tafi, wata tana kuka tana dariya, wani ya ɓarar da shayi a wandonsa bai ma sani ba.

"Wannan... wannan alama ce," in ji Farfesa. "Mafarki ne mai zane yake nunawa. In aka duba da idon ilimi..."

Ba wanda ya duba da idon ilimi. Wilf ya riga ya iso, yana laluben bayan kujeru. Ya miƙa hannu.

"Kawo nan. Sisina ne."

Ya zare ta daga yatsun ƙanensa, ya je ya zauna a gindin taga inda haske ya fi, ya fito da gilashinsa, ya lashi babban yatsa, ya koma shafi na ɗaya. Kyamara ta bi shi. Hancinsa kusan yana gugar takarda, leɓunansa na motsi, yana bin kalma ɗaya-ɗaya. Can sai ka ji ya ce "Kai!", can sai kafaɗunsa su kama rawa. Glenys tana tsaye a kansa da wuƙar kek a hannu, hawaye na zuba ba ta share ba. Babu wanda ya tashi ya tafi. Farfesa yana can gaban tebur shi kaɗai, da ɓarin roba biyu a kan jan ƙyalle.

Shona ce ta tuna da shi.

"To Farfesa, tunda bai mutu a nan ba, a ina ya mutu? Me ya faru a shafin ƙarshe?"

Farfesa ya saci kallon gindin taga. Ya gyara tabarau. Ya ce a ba shi minti ɗaya ya tuntuɓi wata majiya. Ya taka zuwa gindin taga, wannan karon gefen kwat bai tashi ba, ya sunkuya daidai kunnen Wilf, ya yi ƙasa da murya yadda yake zaton ba mai ji.

"Yaya," ya ce. Rabonsa da kiransa haka tun suna gajeren wando. "Don Allah, Yaya, duba mini ƙarshen, me ya faru?"

Wilf bai ɗago ba. "Dakata, Auta, ina shafi na tara."

"Jirana suke yi!"

"Ni shekara sittin na jira. Tun ranar na san ba ka buɗe ba. Mama ta ce mako biyu ka yi kana kuka, har abinci ka ƙi. Yanzu matsa, ka tare mini haske."

Makirufo kuwa yana nan a wuyan kwat, yana aikinsa tsakani da Allah. Ranar Litinin a labaran ƙarfe shida da rabi, daga laccar minti ashirin da biyar ko kalma ɗaya ba ta fito ba. An nuna tsoho yana karatu yana dariya a gindin taga, aka kuma saka raɗar Farfesa tar, har da rubutu a ƙasa saboda masu nauyin ji.

Mujallar ba ta koma hannun tarihi ba. Wilf ya lanƙwasa ta biyu ya zura a aljihun baya, ya tafi da ita gida. Sau biyar ya karanta ta kafin Kirsimeti. Bayan sabuwar shekara haruffan suka tafi kamar yadda likita ya ce, sai ya aika wa ƙanensa cewa yana neman mai karanta masa, in Farfesa yana da sarari.

Farfesa yana da sarari, sosai ma. Duk Lahadi ƙarfe uku yana can, a kan ƙaramar kujera, yana karantawa da babbar murya, Wilf na gyara masa inda bai yi muryar Dogon Hannu da kyau ba. Suna kaiwa ƙarshen shafi na goma sha biyar, yatsan Farfesa ya fara lallaɓawa zai juya zuwa na ƙarshe, wanda har yau bai gani ba, sai Wilf ya miƙo hannu ya zare mujallar, ya tura ƙarƙashin matashin da yake zaune a kai.

"Ya isa haka, Auta," yakan ce. "Sauran na sani."